Katin kyamarar tsaro ya ƙi zama lafiya a kan Ubuntu, don Allah a taimaka

Abban Sadiƙ:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu sanin Linux don Allah ku agaza min, kaina ya ɗaure kuma lokaci na neman ƙure min.

Yayana yana da sito na kayan masarufi a Tudun Wadan Kaduna, ba nisa da Kasuwar Barci, ni nake riƙe masa lissafi. Tun bayan ƙaramar sallah kaya suke ɓacewa, yau katan ɗin madara, gobe jarkar mai, kuma ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa kwaɗo ba. Cikin yaran siton akwai ɗan ƙanin matarsa, kun ga ba wanda ya isa ya buɗe baki ya zargi wani ba tare da gida ya rikice ba. Har ya sallami mai gadi, dattijon da ni har ga Allah ban yarda shi ne ba, kuma bayan tafiyarsa ɓatan bai tsaya ba. Wannan abin yana hana ni barci, don ni ne mai riƙe da littafi, ido zai iya dawowa kaina. Mai saka kyamara ya zo ya yi kuɗi, Yaya ya ce a bari tukuna. Shi ne na ce masa zan haɗa da abin da ke hannu.

Ina da tsohuwar kwamfutar tebur da katin naɗar hoto mai baki huɗu da na samu wurin wani abokina da ya rufe shagonsa. Faifan da ya zo da katin na Windows XP ne, don haka na saka Ubuntu, wani nau'in Linux, da ZoneMinder, manhajar naɗar hoton kyamarorin tsaro. Kyamarar ƙofa tana nuna hoto, amma hoton ta biyu yana shigowa cikinsa yana fita. Sauran biyun shuɗin allo kawai. Yaya zai dawo daga Kano ranar Juma'a, kuma na riga na ce masa an gama.

Injiniya Kawo:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, zan faɗa maka gaskiya ko ba daɗi: cire katin nan ka ajiye. Sana'ata ce wannan, na saka kyamara daga Malali har Rigasa, ba wanda yake amfani da kati a kwamfuta yanzu. Ka je Ahmadu Bello Way ka sayi DVR, wato akwatin naɗar hoton kyamara, mai baki huɗu da faifan ajiya, ka jona, cikin awa ɗaya kana kallo a wayarka. Katin da aka yi don XP, wanda Microsoft ta daina kula da shi tun 2014, shi za ka ɗora wa amanar dukiyar yayanka?

Malam Ɗan Fanteka:
Kafin a jefar a duba tukuna. Ɗan'uwa, ba ka faɗa mana wane kati ba ne. Buɗe terminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta lspci, sannan dmesg | grep bttv, ka kawo mana abin da ya fito. In za ka iya, zaro katin ka karanta rubutun da ke kan baƙin IC ɗin, ka kuma ƙirga guda nawa ne manya a kai. Daga nan ake farawa.

Abban Sadiƙ:
Malam, ya rubuta Brooktree Bt878, kuma IC babba ɗaya ne. A ɗayan kuma na ga UNKNOWN/GENERIC. Injiniya na gode, amma da akwai kuɗin DVR ai da ban shigo nan ba. Kuma ni na zaɓi Linux ne da gangan, yaran siton duk sun iya danna DVR, an sha ba ni labarin yaro ya goge naɗi. Wannan kuwa ba su san ta inda za su shiga ba.

Malam Ɗan Fanteka:
Madalla, katinka ba matacce ba ne. Direban bttv, wato manhajar da ke sarrafa irin wannan katin, yana cikin Linux tun da daɗewa, shi ya sa ka ga hoto ba ka saka komai ba. Matsalar ita ce irin waɗannan katunan masu araha ba sa ɗauke da bayanin da zai gaya wa direba ko su waye, sai ya ɗauke su a matsayin kowane kati. Kai za ka gaya masa. Ka buɗe fayil a /etc/modprobe.d/bttv.conf ka rubuta options bttv card=77 tuner=4, ka sake kunna kwamfutar. Lamba 77 ita ce ta GrandTec, ita ce yawancin masu IC ɗaya da baki huɗu suke karɓa, 4 ɗin kuma tana nufin babu sashen kama tashar talabijin. In ba ta yi ba sai a gwada wata lambar.

A ZoneMinder duk kyamarori huɗun /dev/video0 ne, lambar bakin ce, wato channel, take bambanta, 0 zuwa 3. Ka tabbata duka PAL ka zaɓa, shi ne tsarin hoton talabijin na Najeriya, kuma girman hoton iri ɗaya. Shigar hoton wata cikin wata kuwa, IC ɗin ne yake tsalle daga wannan baki zuwa wancan, sai ya ɗauki hoto kafin ya daidaita. A saitin ZoneMinder ka kashe V4L_MULTI_BUFFER ka ɗaga CAPTURES_PER_FRAME zuwa 2 ko 3.

Injiniya Kawo:
Malam, ka faɗa masa sauran mana. IC ɗaya hoto 25 yake bayarwa a daƙiƙa, kyamara huɗu za su raba, ga ɓata lokacin tsalle, ga kai kuma ka ce ya riƙa zubar da wasu. Ƙarshenta kowace kyamara hoto biyu ko uku za ta samu a daƙiƙa. Yaro zai sunkuci katan ya wuce, a naɗi ka gan shi a bakin ƙofa, sai kuma ka ga babu kowa. Fuskar ma a wannan ƙaramin hoton wa zai gane ta da dare? Na ga irin wannan ya fi a ƙirga. Mutum ya ƙi biyan mai sana'a, ya ɓata mako, daga baya ya kira mu mu gyara, kuma ya tsaya yana ciniki kamar tumatir yake saye.

Maman Ilham:
Ni dai maganar DVR ɗin nan ba ta burge ni. Shagon atamfata da ke Kasuwar Gumi an saka min, na biya kuɗi masu yawa, ranar da aka ɗauke min leshi muka buɗe sai muka tarar faifan ya mutu tun watanni, fitilar tana ci, hoto yana fita a talabijin, amma ba abin da yake naɗa. Wanda ya saka ya daina ɗaga wayata. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ɗana, kowanne ka saka ka riƙa buɗe naɗin jiya kana dubawa da idonka.

Injiniya Kawo:
Hajiya, ki yi haƙuri, wannan laifin mai sakawa ne, ya saka miki tsohon faifan kwamfuta a maimakon wanda aka yi don naɗi dare da rana. Irinsu ne suke ɓata mana suna, yaro ya yi wata biyu a bayan oga ya buga kati ya ce shi injiniya ne.

Abu Hanifa Barnawa:
Ba wanda ya yi maganar wuta. Kwamfutar tebur tana shan wuta ninkin DVR sau da yawa, kuma ZoneMinder yana ajiye bayanansa a MySQL ko MariaDB, in ana yawan ɗauke wuta yana cikin rubutu wata rana zai tashi ya ƙi buɗewa. Mu nan layinmu taransifoma ta ƙone, mun haɗa kuɗi gida-gida, har yanzu shiru. Da me za ka riƙe ta da dare? Ɓarawo ai lokacin da ba wuta yake so.

Abban Sadiƙ:
Akwai inbata a siton, Yaya ya saka saboda firiza, na san za ta ɗauka. Malam, na yi yadda ka ce, Allah ya saka da alheri, hoton ƙofa da na ciki sun rabu, kowanne ya tsaya. Amma biyun nan har yanzu shuɗi. Kuma su ne ma sababbin, a kwalinsu na sayo su, masu 2MP, ba abin da ya same su.

Malam Ɗan Fanteka:
To ai da ka faɗi wannan tun farko. Sababbin nan masu sabuwar sigina ne, AHD ko TVI, bakin wayarsu iri ɗaya ne da na da, amma siginar daban ce, Bt878 tsohuwar sigina ta CVBS kawai yake ganewa. Duba jikin wayar kyamarar kusa da baki, wasu suna da ɗan maɓalli da ake turawa gefe a riƙe kamar daƙiƙa biyar su koma CVBS. Gefen da za ka tura yana rubuce a takardar kwalin. In babu maɓallin, katin nan ba zai taɓa ganinsu ba. In ma sun koma, ka sani 2MP ɗin ta tafi, hoton da za ka samu irin na tsofaffin ne.

Injiniya Kawo:
Kun ji ko? Ya sayi kyamara mai kyau zai mayar da ita makauniya saboda kati. DVR na yanzu yana karɓar AHD da TVI da CVBS duka. In Linux ɗin ne dole, ka sayi DVR ɗin, ka ja hotonsa ta RTSP, wato hanyar tura bidiyo ta netwok, zuwa ZoneMinder, ka samu naɗi biyu. Ni na gama magana.

Abu Hanifa Barnawa:
Inbatar da ke jan firiza za ka ƙara wa kwamfuta da kyamara huɗu? Batir nawa ne a kai?

Abban Sadiƙ:
Ban duba batiran ba, amma ba ta taɓa mutuwa kafin asuba ba. Injiniya, ba taurin kai ba ne, ba zan iya komawa wurin Yaya in ce ya kawo kuɗin da na ce masa ba sai an kashe ba. Kuma mutum uku nake son ganewa, na san tafiyar kowannensu, ba sai na ga fuska ba. Malam, ɗaya tana da maɓallin, na tura ta kawo hoto amma fari da baƙi kuma yana gangarawa sama. Ɗayar babu komai a wayarta, kwalin kuma yaran sun zubar.

Malam Ɗan Fanteka:
Mai gangarawar ta faɗa NTSC ne, tsarin hoton Amurka, shiga menu ɗinta da wannan maɓallin ka mayar da ita PAL. Ɗayar kuwa sai dai ka nemi mai DVR ya jona ta ya gwada sauya ta daga can, wasu suna yarda.

Maman Ilham:
Ni tsohon mai gadin nan ne yake raina. In gaskiya ta fito a nemi yafiyarsa.

Abban Sadiƙ:
In sha Allah Hajiya. Injiniya, ko za ka ara min DVR na awa ɗaya gobe in kawo kyamarar Kawo? Kuma in ba ta sauyu ba, uku za su isa in na cire ta bayan sito, ko ta ƙofar baya ce ta fi muhimmanci?