An kira ni kiɗa a mashaya a Yamai, ga kuma alkawarin da na yi wa Ubangiji

Ɗan Adar: Salama gare ku ƴan'uwa. Ni ke buga piyano a majami'armu nan Tawa, shekara 6 ke nan. Ina ɗan shekara 17 na kwanta ciwo wata guda a asibitin Galmi, da na tashi na durƙusa na ce wa Ubangiji hannuwan nan nasa ne har mutuwa. Bara babanmu ya rasu, ga inna ga ƙanne 3 a kaina. Yanzu wani aboki ya kira ni Yamai, ƴan kiɗansu na neman mai piyano, daren Juma'a da Asabar a wata mashaya, jika 15 kowane dare. Ba na shan giya, ba ni da niyyar farawa. Tambayata ga wanda ya taɓa irin aikin nan: ka iya riƙe addu'arka da tsarkinka a wurin? Ƙarshen wata suke jiran amsa.

Maman Biyu: Ɗana, giya ba ta dace da ɗan Allah ba. Ka bar ta tun ba ta kama ka ba.

Ɗan Adar: Mama, ai na ce ba na sha.

Mai Kabu-kabu: Jika 15 a dare? Wa ya faɗa maka? Ƙanena na buga ganga wajen Yantala, jika 5 ake ba shi, ranar da ba mutane ma sai kuɗin taksi.

Ƴar Boukoki: Maƙwabcinmu jika 20 yake samu, amma a bukin aure. Ka kuma lissafa ɗaki, ba ka samu ƙasa da jika 25 a wata.

Mai Kabu-kabu: Ni jika 15 nake biya a Talladjé.

Ƴar Boukoki: Da wuta da famfo? A'a dai.

Tsohon Mai Jita: Ƙanena, ka saurare ni, ni na yi abin da kake tambaya. Shekara 4. Da na zo Yamai ni ma haka na ce, ba ni sha, kuma wata 8 ban taɓa ba, lemo kawai. Ba giya ta fara cin ƙarfina ba, barci ne. Muna tashi kiɗa ƙarfe 3 na dare, in isa gida 4, ƙarfe 8 ina gaban jama'a da jita. Addu'ar asuba da nake yi tun ina yaro ita ta fara tafiya, ban ma lura ba. Sai karatun Littafi. Sai na fara jin waƙar da na buga daren jiya tana yawo a kaina ana tsakiyar Jibin Ubangiji. Yatsuna ba su manta kome ba, mutane na ta cewa Allah ya ƙara baiwa, ni kuwa na san ciki fanko ne, kamar tulun da ya tsage ta gindi. Daga baya aka sami wata da ke zama kusa da mu kowace Asabar. Ba zan faɗi sauran ba, matata na karanta nan kuma ta yafe mini. Amma ɗiyarmu ta fari ta yi shekara 2 a gidan kakanninta a Dogon Dutsi saboda ni. Abin da ya fi mini zafi har yau, ba wanda ya zo ya tambaye ni ina nake kwana ranar Asabar. Muddin jita na tashi ran Lahadi, kowa lafiya lau. Ranar da asiri ya tonu kuwa, a sanarwa aka dakatar da ni, gaban yara, ba wanda ya tako gidana.

Maman Biyu: Wayyo. Ubangiji ya warkar da zuciyarka.

Malamin Lahadi: Labarin nan shi ne na Samson a Littafin Mahukunta sura 16. Mu kan ɗora wa Delila laifi duka, ga shugabannin Filistiyawa kowanne ya yi mata alkawarin azurfa 1,100. Amma ku duba Littafin Ƙidaya sura 6, abu 3 aka hana keɓaɓɓe ga Allah irin Samson: abin da ya fito daga inabi, aska a kansa, da kusantar gawa. Tun a Mahukunta sura 14 Samson ya sa hannu cikin mushen zaki ya ɗebo zuma, bai kuwa faɗa wa iyayensa inda ya samo ba. Aski ne na ƙarshe, ba na farko ba. Aya 20 ta sura 16 ita ke ba ni tsoro, ya farka yana zaton zai fita kamar kullum, bai san Ubangiji ya rabu da shi ba.

Mai Kabu-kabu: To mu masu saiƙo fa Malam, ina namu ƙarfin yake?

Ƴar Boukoki: Naka yana cikin tankin babur.

Ɗan Gaya: Ku bar tsorata yaro. Daniyel a fadar Babila ya yi aiki, Yusufu a gidan Fotifar. Ni shekara 9 ina dafa abinci a otel inda ake sayar da giya, ban fasa azumin Laraba ba. Faɗuwar mutum guda ba doka ba ce.

Tsohon Mai Jita: Kai kana madafa, ƙofa a rufe. Mai kiɗa shi ake kallo, shi ake saya wa kwalba. Yusufun da ka kawo ma ai gudu ya yi ya bar rigarsa.

Dattijo a Tawa: Yarona, wannan magana ba ta waya ba ce. Ka tafi wurin pastonka da dattawan da suka san ka. Waɗannan da ke ba ka shawara, wa ya san inda suke sujada?

Ƴar Boukoki: Baba, da girmanka, dattawan nan shekara 6 suna jin kiɗansa. Da babansa ya rasu, wa ya tambayi abin da ke cikin tukunyar innarsa? Wanda ya ƙone shi ya san wuta, a bar mai jita ya yi magana.

Dattijo a Tawa: Ɗiyata, hidimar Ubangiji ba kasuwa ba ce.

Mai Ganga Harobanda: Ba kasuwa ba ce Baba, amma Bulus ya ce ma'aikaci ya cancanci ladansa, 1 Timoti 5:18. Bayan ƙone-ƙonen majami'u na Janairun 2015 nan Yamai, mu matasa muka haɗa kuɗi daga aljihunmu muka sayi ganguna. Har yau fata in ta fashe ni ke biya. Baƙon mai wa'azi ya zo kwana 3 a ba shi ambulan, mu kuwa sau 3 a mako muna koyon waƙa, ko kuɗin taksi babu.

Maman Biyu: Mu zumuntar mata da ke shara da girki fa, wa ke biyanmu?

Malamin Lahadi: Mu ma alli da littattafan yara daga albashinmu ne.

Ɗan Adar: Na gode duka. Yaya mai jita, zan so in kira ka. Amma inna ta riga ta ji maganar jika 15 ɗin.

Mai Ganga Harobanda: Ni dai a taron ikilisiya mai zuwa sai na tambayi ma'aji a fili, baikon godiya na bara da aka ce na kayan kiɗa ne, ina ya shiga?