Daga randa zuwa kofin tangaran: wa ya taɓa gwadawa?

Mai tambaya, Katsina: Salamu alaikum 'yan uwa magina. Shekarata tara ina ginin tukwane da randuna, gadon gidanmu ne. Yanzu tangaran nake son komawa, kofuna da farantai. Wanda ya taɓa bi ta nan ya taimaka da labari.

Maginiya, Suleja: Ƙanena, kada ka ɗauka hannun randa zai fisshe ka. Yumɓun tangaran kamar man shanu yake a kan keken juyi, ruwa ya ɗan yi yawa sai ya zauna. Na yi wata shida ban cire kofin kirki ba. Ko Ladi Kwali da ke jikin naira 20, da ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew, wani magini ɗan Birtaniya, a 1954, sai da ta koyi keken daga tushe, alhali ta riga ta yi suna a ginin hannu.

Magini, Zariya: Ni wuta ce ta koya mini hankali. Tukunya ko da kara da ciyawa tana gasuwa, tangaran kuwa sai zafi ya kai wajen digiri 1,280, kuma gashi biyu ake yi, na biyun bayan an tsoma shi a ruwan ƙyalli. Gashin farko da na yi, zumuɗi ya sa na buɗe murhun da sauran zafi. Ina tsaye ina jin ƙas, ƙas, farantai na tsagewa ɗaya bayan ɗaya. Gas ɗin ma bashi na ciwo! Waɗanda suka tsira kuma duk sun tsuke, kofin shayi ya koma na gahawa.

Magini, Bauchi: Farar ƙasar yin tangaran (kaolin) dai akwai ta a Alkaleri, ku ma kuna da ita a Ƙanƙara. Amma ita kaɗai ba ta yi, sai an haɗa da garin felsifa (feldspar, wani dutse mai narkewa a gashi) da na farin dutse. Ka jiƙa, ka tace, ka bi ta da mayen ƙarfe, in ba haka ba ɗigon tsatsa zai ɓata maka fari.

Hajiya, Kano: Ku bar batun wuta, kasuwa fa? Mai saye zai ce na Sin ya fi araha, kuma gaskiyarsa. Ni masu haɗa kayan ɗakin amarya ne suka riƙe ni.

Mai tambaya: Na gode. Malam na Zariya, kwana nawa kake barin murhun ya huce yanzu?