Wiskin Ailan mai ƙarfin ganga, yaya ake zuba wa baƙo?

Ɗan Nima: Jama'a sannunku. A mashayar wani otal nake aiki a unguwar Osu, Accra. Daren jiya wani baƙo ya nemi wiskin Ailan mai suna Redbreast 12 Cask Strength (wato mai ƙarfin ganga), na cika masa kofi da ƙanƙara, sai ya ɓata rai ya ture kofin gefe. Ni ba na sha, amma abin ya dame ni, ina so in iya aikina. A ina na kuskure?

Kawu na Maamobi: Ɗana, irin wannan ba a surka ta da ruwa ba, yadda ta fito daga ganga haka aka ɗura ta a kwalba. Wiski da ka saba zubawa kashi 40 ne ƙarfinsa, ita kuwa ta haura 55. Ƙanƙara tana danne ƙamshinta. Zuba ɗan kaɗan a kofi mai tsukakken baki, ka kawo ruwa daban da ƙaramin cokali. Shi zai ɗiga da kansa, ɗigo biyu ko uku, ya dakata, ya shinshina. Nan ne ƙamshin busasshen inabi da kayan yaji ke tasowa.

Yaya daga Aboabo, Kumasi: A garin Midleton ake yin ta, yankin Cork na ƙasar Ailan. Dokar Ailan shekara 3 a ganga aƙalla, wannan ta yi 12.

Ɗan Nima: Na gode, Kawu. Baƙon yana nan har Lahadi, yau zan gyara.