Asibiti na cewa babu magani, alhali ana yanke min kuɗin inshora

Assalamu alaikum jama'a. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, ina cikin inshorar lafiya tun tana NHIS, kafin dokar 2022 ta mayar da ita NHIA. Uwargidana na fama da ciwon sukari da hawan jini. A ƙa'ida kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani ya kamata mu biya, amma duk zuwan da muka yi sai mai ba da magani ya ja layi ƙarƙashin insulin ya ce "babu, ku saya a waje". Farasitamol kam ba ya ƙarewa. Ranar nan na ga wanda ya biya kuɗi hannu an miƙo masa insulin ɗin daga firiji.

Yanzu kuma likita ya tura ta wajen likitan ido, HMO (kamfanin da ke kula da inshorarmu tsakaninmu da asibiti) ta ƙi turo lambar izini, ga ganinta sai raguwa yake.

Don Allah wanda ya sani: rasit ɗin da na tara za su sa a mayar min da kuɗina? Ƙorafi ofishin NHIA na jiha zan kai, ko sai na fara da HMO? Kuma yaya ake canza asibiti?