Kashi 90 doka ce ko ba doka ba ce?

Bashir: Jama'a ku taya ni ji. Sati biyu ina kan lissafin bene mai hawa goma sha huɗu, yau mai duba aikin ya maido min da shi da jan biro, wai in ƙara salon kaɗawa, wato mod, a lissafin girgizar ƙasa. Mod 12 na ɗauka a manhajar lissafin gini ta ETABS, nauyin ginin da ya shiga kaɗawar ya kai kashi 91 cikin ɗari ta kowane ɓangare. Doka ta ce kashi 90. To me ya rage? Wallahi so yake kawai a ce ya fi ni sani.

Injiniya Kabiru: Wace doka? Wace majalisa ta zauna ta zartar? Ka ce ƙa'idar Eurocode 8, ta Turai kan gini mai jure girgizar ƙasa, ba doka ba.

Bashir: Oga, abin da in ka saɓa masa a ƙi sa maka hannu, ai sunansa doka.

Injiniya Kabiru: A'a ƙanena. Ko ita ma ba kashi 90 kaɗai ta faɗa ba, ta ba da zaɓin ka ɗauki duk mod ɗin da nauyinsa ya wuce kashi 5. Doka tana ba da zaɓi?

Musa: Tana bayarwa mana. Ba a cewa tara ko ɗauri?

Hauwa: Ku bar kalmar tukuna. Bashir, ina kashi 9 ɗin da ya rage yake? Galibi a ƙasa yake, bangon ɗakin ƙarƙashin ƙasa da hawan farko, inda gini ya fi tauri. Gocewar kan bene takan fito da mod biyu ko uku, amma ƙarfin da ke turin gindin ginshiƙi ba ya cika da wuri haka. Ɗauki sanda da aka kafe gindinta, kauri ɗaya daga ƙasa har sama: mod na farko kashi 61, na biyu kusan 19, na uku 6.5, na huɗu 3.3. Huɗu ke nan, kuma da ƙyar ka taɓa 90. Ka ɗora nauyin da ya ɓace a matsayin lodi tsayayye, ko ka koma hanyar Ritz, wata hanyar fitar da mod, minti biyar ka gama.

Musa: Hajiya ta zo da lacca. Mu 'yan manhajar STAAD ba ma wannan wahalar.

Injiniya Kabiru: STAAD? Ashe har yanzu ana amfani da shi? Allah ya jiƙan maza.

Musa: Yallaɓai, da shi aka gina ofishin da kake zaune a ciki.

Auwal: Ni fa duk wannan ɓata lokaci ne. Girgizar ƙasa a Najeriya? Mu ji da siminti da rodi tukuna.

Hauwa: Ka tambayi mutanen Mpape a Abuja abin da suka ji a Satumban 2018.

Auwal: Wannan ai masu fasa dutse ne.

Hauwa: Kai ka auna?

Injiniya Kabiru: Mu koma kan magana. Amurkawa ma a ƙa'idarsu ta ASCE 7-16 sun koma neman kashi 100, duk mod ɗin da zagayensa bai kai daƙiƙa 0.05 ba a haɗe su wuri ɗaya. Kashi 90 ya zama sassauci. Abin da ake sauyawa duk bayan 'yan shekaru shi ne doka?

Musa: Kundin tsarin mulki ma ana yi masa gyara. Kai dai tun da ka je kwas waje komai sai ka ce Amurka.

Injiniya Kabiru: Ka iya bakinka, Musa. Ina aikin nan kana firamare.

Admin Sale: To ya isa haka. Abin da aka tsayar: kashi 90 ba doka ba ce, kamar yadda Oga Kabiru ya yi bayani tun farko da hujjoji. Masu STAAD ba su kawo komai ba sai surutu. Hajiya ma ta ɗan taɓa wani abu kan sanda. A kiyaye girmama manya.

Musa: Admin, ba a ofishin Oga Kabiru ka yi bautar ƙasa ba?

Bashir: Don Allah, mod nawa zan sa? Gobe da ƙarfe tara zan mayar masa.