Masu fama da PCOS, ku zo mu faɗi abin da muka gani

'Yar Gwale:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 27, shekara uku da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Tun ina budurwa al'adata ba ta da tsari, sai in yi wata uku ko huɗu ban ga jini ba. A gida aka ce sanyi ne, na sha saiwoyi har na gaji. Watan jiya likitan mata ya yi min sikanin da gwajin jini, ya ce PCOS ce, wato rikicewar sinadaran jikin mace da ke hana ƙwai fita a kan lokaci. Ya rubuta min metformin, ya ce in rage ƙiba in dawo bayan wata uku. Yau kwana goma da farawa, gudawa da tashin zuciya sun hana ni sakat. Don Allah wadda ta bi ta nan ta faɗa min abin da ta gani da idonta.

Maman Nana:
Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu. Ni ma haka metformin ya yi min, har na jefar da shi na wata biyu, kuma na yi nadama. Da na koma, likita ta mayar da ni ƙwaya ɗaya ta 500mg, in sha a tsakiyar abincin dare, sai bayan sati biyu aka ƙara. Daga baya ta canza min zuwa irin wanda ke narkewa a hankali, cikina ya lafa. Kada ki daina da kanki, ki koma ki faɗa masa.

Amma wallahi abinci ne ya fi ba ni wuya. Ni mai shayi ce da cokali uku na sukari da burodi, da rana shinkafa, da dare tuwon shinkafa, ga lemon kwalba. Ban iya barin komai lokaci guda ba. Lemon na fara yankewa. Sai na raba malmalar tuwo biyu, na cika kwanon da miyar ganye. Karin safe ya koma ƙwai ko alale, ko kwaɗon zogale da ƙuli. Shinkafa ba na cinta sai da wake, kuma waken ya fi yawa. Fura ina sha, amma ba sukari, zoɓo ma haka. Cikin wata bakwai na sauka daga kilo 92 zuwa 85, al'adata ta dawo duk kwana 35 zuwa 38. Kilo bakwai kacal, ba sai na rame ba.

Anti Nas:
Bari in sa baki, ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ina da ita. Abin da ake gani a sikanin ba ƙari ba ne, ƙwayaye ne da suka fara girma suka tsaya ba su fashe ba. Kuma sikanin kaɗai ba ya tabbatar da ita. Ana duba abu uku: rikicewar al'ada, alamun yawan sinadarin maza kamar gashin haɓa da ƙuraje, da hoton jakar ƙwai. Sai an samu biyu a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata 6 zuwa 13 cikin ɗari na masu shekarun haihuwa suna da ita, yawancinsu ba su sani ba.

Da yawanmu jikinmu ba ya jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, yadda ya kamata, sai ya yi yawa a jini, ya sa jakar ƙwai ta ƙara fitar da sinadarin maza. Dalilin ba mu metformin, maganin masu ciwon suga, ke nan. Baƙin nan na bayan wuya da muke ta dirzawa da soso, alamarsa ce, ba dauɗa ba ce. Abin da ya fi damuna shi ne matan da ke murna don sun huta da jini. Idan kika wuce kwana 90 ba ki gani ba, ki je asibiti, don bangon mahaifa yana ta kauri, kuma barinsa haka shekara da shekaru yana da haɗari.

Amaryar Maraɗi:
Ni siririya ce, kilo 54, don haka maganar rage ƙiba ba ta shafe ni ba. Gashin haɓa ne ya dame ni, kullum cikin niƙabi ko a gidan biki. An ba ni ƙwayar tsarin iyali don ta daidaita al'ada, surukata ta gani ta ce ni nake hana kaina haihuwa. Na yi kuka ranar. Sai da maigida ya bi ni asibiti ya ji da kunnensa. Gashin bai fara raguwa ba sai da na kai wata shida.

Ummu 'yan biyu:
Shekara shida na yi ina shan gori. Clomid, maganin sa ƙwai ya fita, zagaye uku bai yi min ba, aka koma wani mai irin aikinsa, letrozole, kwana biyar a farkon al'ada, ana bi da sikanin a ga ko ƙwan ya girma. A zagaye na huɗu Allah ya ba ni. Roƙona biyu: kada ku saye shi a kemis don wata ta ce ya yi mata, kuma a gwada maigida ma. Sannan cikin bai raba ni da ita ba, suga ya hau min a wata na shida, har yanzu duk shekara ina gwaji.

Maman Nana:
Na manta motsa jiki. Ba na fita ko'ina, tsakar gida nake zagayawa minti 30 bayan asuba, kwana biyar a sati, wani lokaci da tsallen igiya.

'Yar Gwale:
Allah ya saka muku da alheri, na ji sanyi a raina. Ranar Litinin zan koma kan maganar gudawar, kuma maigida ya yarda zai yi nasa gwajin. Anti Nas, ina da ramuwar azumi guda tara. Idan zan yi, da buɗa baki zan sha metformin ɗin ko da sahur?