HD DVD ko Blu-ray, ko dai in raba ƙafa?

Mai_Kallo, Disamba 2007:
Salam jama'a. Don Allah shawara nake nema. Na sai sabon talabijin mai HD, yanzu saura na'urar saka faifai, to nan ne kaina ya kulle. Toshiba na nan da HD DVD ɗinsu, Sony da su Panasonic na can da Blu-ray, kuma faifan wannan ba ya aiki a na'urar wancan. Abin da ya fi ba ni haushi ma kamfanonin fim ɗin sun rabu, Universal da Paramount suna HD DVD, Disney da Fox da Sony suna Blu-ray, wato duk wanda na ɗauka akwai finafinan da sun fi ƙarfina kenan. Ina tsoron in zuba kuɗi a ɓangare ɗaya bayan wata shida a ce ya mutu. In sai na'urar nan mai cin duka biyun, ko in haƙura in zuba ido?

Baba_Injiniya:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mu da muka ga rigimar kaset ɗin bidiyo ta Betamax da VHS mun san ƙarshen irin wannan, ɗaya ne zai tsaya, kuma ba lallai wanda ya fi kyau ba. Mai cin biyun nan ban ba ka shawara ba gaskiya. LG BH100 da ta fito farkon shekarar nan kusan dala 1,200 aka sa mata, kuma duk da wannan kuɗin ba ta buɗe menu na HD DVD yadda ya kamata, fim ɗin kawai take nunawa. Da wannan kuɗin ai sai ka sai na'ura biyu daban-daban har canji ya rage. Ni dai abin da nake yi, hayar faifai nake yi ba na saye, don asarar ba a na'ura take ba, a tarin fayafayen da mutum zai jera a kanta ne.

GemKawai:
Malam ka sai PS3, na'urar gem ta Sony, ka huta wallahi. Blu-ray a cikinta yake tun daga kamfani, ga gem ga fim, ko da a ce gobe Blu-ray ya faɗi to kana da abin wasanka ba ka yi asarar komai ba. Kuma ana sabunta mata manhaja ta intanet. Xbox 360 kuwa sai ka sai wani akwati daban na HD DVD, wanda ya fito a kan dala wajen 200, ka jona mata da USB. Faifan Blu-ray kuma yana ɗaukar 25GB a shimfiɗa ɗaya, 50GB a biyu, shi HD DVD 15 da 30 ne. Blockbuster ma, masu ba da hayar finafinai, tun watan Yuni suka karkata ga Blu-ray a shagunansu da yawa.

Hajiyar_Fim:
Ku dai 'yan PS3 ba kwa ganin kowa sai kanku. A yi adalci mana, HD DVD ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, a watan jiya an sayar da Toshiba HD-A2 a dala 99 a Walmart. Ba shi da kullen yanki, faifan da ka saya a Ingila zai yi a na'urar Amurka, shi kuwa Blu-ray an raba duniya A da B da C. Sannan akwai fayafayensa masu fuska biyu, gefe ɗaya HD DVD gefe ɗaya DVD na da, to ko tsarin ya mutu sai ka juya faifan ka ci gaba da kallo. Na'urar ma kanta tana ɗaga hoton tsofaffin DVD ya ɗan ƙara fitowa. In raba ƙafa kake so ɗan'uwa, PS3 da ƙaramar Toshiba mai arha, shi kenan ka tare ko'ina. Amma ka sa ido a kan Warner, su ne babban kamfanin da har yanzu ke fitarwa a duka biyun, har sun taɓa alƙawarin wani faifai wai shi Total HD mai haɗa tsarin biyu, shiru kake ji har yau.

Baba_Injiniya, Janairu 2008:
To Hajiya maganarki ta fito. Ran 4 ga wata Warner ta sanar cewa daga ƙarshen Mayu Blu-ray kaɗai za ta riƙa fitarwa, har 'yan HD DVD suka soke taronsu na manema labarai a bajekolin CES na Las Vegas. Mai_Kallo in ba ka riga ka saya ba ka tsaya kan Blu-ray. In kuma ka riga ka ɗauko Toshiba kar ka damu, ka daina ƙara fayafayen HD DVD masu jan kwalin nan da cikakken farashi, nan gaba kaɗan farashinsu zai karye.

Mai_Kallo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. PS3 na ɗauko, finafinan Universal kuma zan ci gaba da kallonsu a DVD tukuna. Ko akwai wanda ya san ko rimot ɗin talabijin na gama-gari yana yi mata, na ji an ce Bluetooth take amfani da shi?